Shafi na Arba'in da Bakwai

Ina ɗalibi na saye shi a Garwa, bakin Binuwai,
bango ya tafi, sunan mai shi ya bi bango,
sefa ɗari biyu, gyaransa warin busasshen kifi.

Marubucin bai ɓata tawada ba:
shafi na uku ya kashe uban.
Ko sau ɗaya bai rubuta "talauci" ba.
Cewa ya yi an ciyo bashin likkafani,
aka auna, bai rufe ƙafa ba.

Sai 'ya'yan suka buɗe baki.
Babba ya riƙe igiyar jakin, ƙarami ya riƙe wutsiya.
Ta tsakiya ba ta nemi kome ba,
ya ba ta tukunyar da ta tsage,
ita kaɗai kuma ya bari ta yi kuka.

Na ce da Malam Jatau,
"Mutumin nan ya zuba gishiri,
wa zai yi faɗa kan jaki gurgu?"
Ya leƙo ni ta saman tabarau, bai tanka ba.

Bara Baba ya rasu a Yelwa.
Kafin sadakar bakwai
ni da Barau mun daina gaisawa
kan keken ɗinki mai tsatsa
da ɗaki guda mai yoyo.

Daren jiya na ɗauko littafin
in ga yadda suka ƙare.
Gara ta riga ni.
A arba'in da bakwai ya tsaya:
ƙaramin na tsaye bakin zauren wansa,
takalmi a hannu,
bai yi sallama ba tukuna.