Tallar Jakar Baba

A Zango, bayan Kasuwar Dole,
Baba Mutari na ɗinkin fata.
Ni na rubuta masa talla a waya,
layi biyu, daren wata Talata:
jar fatar akuya, jimar bagaruwa,
ɗinkin hannu, shekara goma ba ta ɓata.

Don a gan mu, na liƙa ta wuri uku,
wai yawa shi kan sa zare ya ja dutse.
Sai Habu na Sabon Gari ya kwafa,
wani a Mirya ya kwafi Habu,
har da harafin da na tsallake.

Injin bincike bai san ƙanshin fata ba.
Ya ji murya ɗaya a baki tara,
ya ce guda ta isa, ya ɗaga ta sama,
saura ya zuba su rijiya.
Wadda ya ɗaga ta Habu ce,
Habu mai jakar roba.

Na gungura har yatsa ya gaji
kafin in tsinci sunan Baba,
can inda ko mai cigiya ba ya kaiwa.

Baba bai ɗago daga basilla ba.
Ya ce, "Barira, kowace fata da tabonta.
Wannan ƙaya ce ta karce ta a Tanut,
waccan kaska. Kin rubuta haka?"

Na goge biyu, na bar guda.
Yanzu jaka jaka nake bi,
ina tambayarsa labarin tabo.
Habu kuwa, robarsa sumul take.