Kunnen Hamajoda

Kafin ladan ya gyara murya na fito da ita,
Besfa, shuɗiya a da, yau launin tsohon kwano.
Na kishingiɗar da ita gefe ɗaya, mai ya sauka,
na ƙirga bakwai, na tayar.
Na taka sau ɗaya, ta yi tari.
Na taka na biyu, ta yi shirun mai fushi.
A na uku duk unguwa ta san na tashi.

Shekarar da aka haifi Asta na saye ta
da kuɗin awon auduga na kaka biyu.
Yau Asta na goyon jika,
ita kuwa tana nan da karkatarta ta dama
inda injin ya yi mata nauyi,
kamar mai tallan da ta saba da tulu a kafaɗa ɗaya.

Ba ta san gidan mai ba.
Na kwalba take sha, a bakin hanyar Pitowa,
in tace shi da tsohuwar hula,
in ƙara baƙin mai murfi biyu, ba ɗigo a kai,
in girgiza ta kamar mai kaɗa nono.
Hayaƙinta na bin bayana kamar bashi.

'Yan acaba su gifta ni suna ihu:
Baba, a sayar mana mu yi murhu!
Na bar su da bakinsu.
Babura nawa aka yi wa jana'iza a idona,
tawa tana tari, tana tafiya.

Mutum ɗaya ya rage a Garwa da ya san cikinta:
Hamajoda, gindin dalbejiya, bayan 'yan kifi.
Yana ta rufe masa ido bara,
hannu ya fara rawa, sukurudireba na kuɓuce masa.
Ranar ya ce mini, zauna nan, Tanimu,
kai ne hannu, ni ne kunne.

Sai na koyi gyara da furfura.
Ya ce cire buji, na ce fulogi,
muka yi musu har shayi ya huce,
abin dai ɗaya ne, baƙi ƙirin da kunkunniya.
Na kankare, na hura, na lasa masa yawu don sa'a.
Wayar kuloci ta tsinke, muka ari ta birkin keke.
Gasket muka yanka a kwalin sukari.
Da kabireta ta gaza, har Gidar na je
wajen wata Besfa da ta mutu tun tuni,
kaza na kwanci a kan kujerarta.
Na biya mai gida sefa dubu biyu,
na ba kazar haƙuri.

Jiya ya ce, ina jin wani ƙara a giya ta uku,
ba zan gane shi a tsaye ba, ɗauke ni.
Na goya shi, ya riƙe ni a ƙugu,
nauyinsa bai kai buhun gyaɗa ba.
Muka bi ta kasuwa, muka hau gadar Binuwai,
masunta na jan koma, dorina ta fito da hanci,
iska ta cika masa riga ta yi tanti.
Na murɗa hannun hagu, ta biyu, ta uku.
Na kasa kunne. Ban ji komai ba,
sai muryarta da na sani kamar tarin mahaifina.

Na ce, Hamajoda, ka ji shi?
Bai amsa ba. Na ji haɓarsa a kafaɗata,
na ji yana shaƙar hayaƙin nan
da ya sha shekara arba'in da ɗoriya.

A ƙarshen gada na rage wuta zan juya gida.
Ya matse ni kaɗan, ya ce,
ban tabbatar ba tukuna.
Akwai sauran mai?

Na leƙa tanki. Bai kai rabin kwalba ba,
kuma taya ta baya tana neman iska.
Na ce akwai.
Muka sake hawa.