Gangar da Ta Yi Azumi

Ran Larabar da suka shafa toka a goshi
Tiya ya shigo rumfata da ganga a kafaɗa,
ya ajiye ta tsakanin takalma da linzami,
ya ce, "Baba, fatar ta huje.
Kwana arba'in ba mai taɓa ta,
kada ka yi gaggawa."

Ni baduku ne, jikan baduku.
Kakana ya taso daga Haɗeja da ƙafa, za shi Makka,
guzuri ya ƙare masa a Gadarif,
ya ce bari ya yi damina ɗaya a gonar riɗi.
Daminar ce har yau ba ta ɗauke ba.

Bango ɗaya ke tsakanina da cocinsu.
Shekara goma sha tara ina jin su da kiɗa,
ban san muryoyinsu ba
sai da gangar ta kwana a wurina.

Akwai Natalina mai shayi a bakin tasha,
da rana muryarta duk hayaƙin gawayi ce,
da yamma in ta ɗauko baiti
sai ka ce an buɗe randa da asuba.
Akwai tsoho Kafi, mai dakon buhunan dawa,
kullum yana baya da rabin numfashi,
sauran kan jira shi a bakin amshi
yadda ayari ke jiran raƙumi mai ɗingishi.
Yara kuwa ba su san jira ba.

Da Larabci suke yi, wani sa'in da harshen Duwatsun Nuba.
Wata rana wata 'yar Dinka ta yi nata ita kaɗai.
Ban fahimci ko kalma ɗaya ba,
na dai tarar basilla ta tsaya a hannuna.

Akwai kalmar da suka ɓoye, in ji Tiya,
kalmar murna, ba a furta ta sai azumi ya wuce.
Na ce, "A ina kuka ajiye ta?"
Ya nuna maƙogwaronsa yana dariya.

Ran Juma'a sukan zaga bangon ciki,
su durƙusa, su tashi, har sau goma sha huɗu,
ina jin gwiwoyin tsofaffi na ƙara.
Sannan a shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogonyaro:
adas da kisra, wake da man riɗi.
Kuɗin naman da ba a ci ba
an ƙulle shi a bakin gyale
don matar da ta sauka daga Madani
da 'ya'ya huɗu, ba ko bargo.
Ana miƙo mini kwano ta kan bango.
In watanmu ya kama, ta nan kununa ke tsallakawa.

Fatar akuya na jiƙa, na kankare, na shanya,
zafin bazara ya taya ni aiki.
Tun mako na uku na gama.
Tana rataye a ƙusa, cikinta fal magana.
Sau biyu yatsana ya kai kusa,
na tuna amana ce,
kuma ita ma azumi take.

Daren Asabar, na idar da isha'i,
Tiya ya zo da kyandir bai kunna ba.
"Nawa?" Na ce, "Kuɗin fata."
Ya rungume ta kamar jaririn da aka sallamo daga asibiti.

Na zauna a duhu.
Sun hura wuta a tsakar gida, ina ganin janta a kan ganye.
Karatu, shiru, karatu,
har gyangyaɗi ya fara ɗaukata.

Sai Natalina ta kwance kalmar,
gangar ta amsa,
ƙura ta zubo daga jinkata.

Gefen hagu ya ɗan saki, kunnena ya ji,
jibi sai in ja shi.
Kafi yana baya da rabin numfashinsa.
Yau ba wanda ya jira shi.
Da kansa ya kamo su.