Teburin Duwatsu a Akoka

Na shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur,
na jera duwatsu bakwai kamar mai kasa goro.
Wannan daga Riyom na ɗauko shi,
wancan daga gindin Abekuta,
na ƙarshen curin yumɓu ne, da sauran warin Makoko.
Kwali a gabana: Ilimin Ƙasa da Duwatsu.

Sabbin ɗalibai na wucewa.
Layin likitanci ya kai bakin ƙofa,
na lauyoyi ya lanƙwasa bayan masallaci.
Ni da ƙudaje muke gadin namu.

Wani ya ɗaga baƙin dutsen, ya auna shi a tafi:
"Oga, wannan zai kai ni kamfanin mai?"
Na ce wataƙila.
Ya ajiye, ya bi wayarsa.

Ina so in ce musu garin nan a kan yashi yake zaune,
teku na gatsar gaɓa kowace damina,
bene na nutsewa ba mai jin nishinsa.
Amma janareta ya fi ni murya.

Da la'asar sai ga Zinaru daga Obalende,
takalminta duk taɓon hanya.
Ba ta taɓa ko dutse ɗaya ba.
Ta ce, "Babana kura yake turawa, jarka goma sha biyu.
Bara burtsatsen unguwarmu ya koma gishiri.
A nan ake koyon dalili?"

Na miƙa mata biro,
hannuna yana rawa.

Shida na mayar cikin jaka.
Yumɓun na bar mata.