Kabad Mai Lamba Tara

Shekara ashirin da biyu ina tsaron jarrabawa
a wannan zaure na Tromso,
garin da rana ke yi wa yaji wata biyu cur,
mu shigo da duhu, mu koma da duhu.

Makullin kabad mai lamba tara a wuyana yake wuni.
Ciki takardu ne, dami a kan dami,
tambayoyin da aka buga don ko-ta-kwana,
in na'ura ta yi gardama,
in wuta ta ɗauke,
in intanet ya yi nisan kiwo.
Sau uku kacal buƙata ta sa na buɗe shi.
Sauran shekarun ƙirgawa nake,
in sa hannu, in mayar, in kulle.

Ran Litinin Oddvar ya sauko daga ofis
da amalanke da wasiƙa mai hatimi.
Ya ce, Gunvor, an gama magana.
Yanzu kowace amsa tana adana kanta
tun ɗalibi bai ɗaga yatsa ba,
a wuri uku, ba ɗaya ba.
Ya ce, bara shafi dubu arba'in muka buga,
babu wanda ya karanta su
sai injin da ke yayyaga takarda.
Ban musa ba. Lissafinsa daidai ne.
Ni na riƙe masa ƙofa ya tura,
tayar hagu tana ƙara har ƙarshen baranda.

Laraba, ƙarfe tara, ilimin haɗa magunguna.
Ɗalibai ɗari da sittin,
ƙanƙara na narkewa a gindin takalmansu.
Ba ka jin komai sai yatsu,
kamar yayyafi a kan kwano.

Sha ɗaya saura kwata, layi na huɗu,
Sunniva ta ɗaga hannu.
Allonta ya yi fari fat,
fuskarta ta bi sahu.

Ƙafata ta riga kaina tunani.
Na tsinci kaina gaban kabad,
na murɗa, na ja.
Kanta huɗu wayam,
warin tsohuwar tawada,
da wata 'yar roba da ta tsinke tuntuni.

Kafin in juyo, Eilif, yaron na'urori,
wanda bai kai shekarun aikina ba,
ya dire mata wata kwamfutar.
Ta shiga. Ga amsarta nan zaune,
har kalmar da ta bari a rabi.
Minti huɗu aka yi.
Minti huɗu aka ƙara mata.

Amma na ga abin da Eilif bai gani ba.
Cikin mintin nan huɗu
ta zare biron da ta soke gashinta da shi
tana rubutu a bayan hannunta,
sunan magani uku, da sauri,
kada su tsere kafin allo ya dawo.

Doka ta hana rubutu a jiki.
Doka ta ce in kai rahoto,
rahoton ma yanzu a na'ura ake cikewa.
Na tsaya a kanta.
Na karanta hannun, tawada ba ta bushe ba,
daga kanta suka fito, ina kallo.
Na miƙa mata jiƙaƙƙen ƙyalle.
Ta goge, ta ci gaba da bugawa.

Da yamma na rubuta: na'ura ɗaya ta tsaya,
an sauya, ba a rasa komai ba.
Na daɗe ina duban layin ƙarshen nan
kafin in danna.

Makullin kuwa babu wanda ya tambaye ni.
Oddvar ya ce kabad ɗin zai zama na rataye riguna.
A motar haya, hanyar gida,
ina jin sanyinsa a ƙirjina
a ƙarƙashin suwaita biyu.