Saura Motsi Ɗaya

Ƙarfe ɗaya saura na dare, Rafin Daɗi ta yi tsit,
sai injin gidan Alhaji Rabe ke tari a bayan katanga.
Na jingina waya da kofin shayi
ina kallon wani siririn layi kore
yana jan jiki kamar hawainiya a kan reshe.
Kashi sittin da uku cikin ɗari.
Datar dare na saya, mai arha,
na ce wa Murja lissafin shago nake yi.

Shekara goma sha huɗu ke nan.

Shagon Badamasi mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Marusa,
benci guda, fanka mai fiffike biyu,
naira hamsin awa ɗaya, ba a bashi sai an san ubanka.
Sunan wasan ya fi ƙarfin harshenmu,
sai muka raɗa masa Ganuwa.
Fili ne mai gida-gida kamar na dara,
amma babu tsinke, babu tsakuwa:
kati bakwai ake raba maka,
wannan rijiya, wannan maƙera, wannan ayarin gishiri,
wannan kuma ɗan leƙen asiri mai ido ɗaya
da ba mu taɓa yarda da shi ba.

Ni ɗan gaggawa ne, in na samu in zubar.
Mannir kuwa zama yake yana ɓarar gyaɗa,
ya bar ni in ci gari uku, in cika baki,
in ɗora rumbu a kan rumbu,
sannan ya tura linzami da yatsa ɗaya
ya saki katin fari.
Ruwa ya ɗauke, rijiyoyina su ƙafe,
dakaruna su watse neman abin kai wa baka.
Kuma ba ya dariya.
Wannan ne ya fi ƙona mini rai.
Sai dai ya miƙo mini gyaɗa.

Sau ɗaya tak na kusa kama shi.
Wata Asabar bayan la'asar,
na toshe masa mashigi biyu,
katin damina na ɓoye a hannuna,
yara sun cika ƙofa,
har Badamasi ya ajiye abin kwance nota ya matso,
saura motsi ɗaya,
sai aka ɗauke wuta.
Allon ya yi baƙi ƙirin, na ga fuskata a ciki, baki buɗe.
Mannir ya kakkaɓe ɓawo daga cinya ya ce, “Kunnen doki.”
Har gobe ban yafe ba.

Kashi saba'in da takwas.
Sauro ya gano idon sawuna.

Shagon nan yanzu takalma ake sayarwa a ciki.
Mannir na Fatakwal yana jan tanka.
Shekaranjiya ya turo saƙon murya,
ƙugin mota na cinye rabin maganarsa:
“Sun fito da sabo, na waya. Ka sauke.
Farina na nan a aljihu, bai lalace ba.”

An ce sun ƙara teku da jiragen ruwa,
da sarakuna masu magana.
Ban damu ba.
Su dai bar mini ƙarar nan da kati ke yi in an kifa shi,
fas, kamar a buga faifai a bakin tukunya,
su bar mai ido ɗaya da halinsa,
su bar damina inda na ajiye ta.

Na koyi haƙuri a bayan kanta, Mannir,
masu cin bashi sun hore ni.
Yanzu na iya riƙe kati har ya yi gumi.

Kashi casa'in da tara.
Layin ya tsaya cik, kamar jaki a bakin gada.
Ban taɓa wayar ba, ban ma yi numfashi sosai ba.

Murja ta ɗaga labule, ido rabi a rufe:
“Lissafin bai ƙare ba?”
Na ce, “Je ki kwanta.
Saura motsi ɗaya.”