Langar Goggo Dudu

Shekara talatin da ɗaya ina taka keke a Jekadafari,
almakashi na rataye a ƙusa, hannu na iya kai masa,
amma da haƙori nake yanke zare.
Ƙas! In tofar, in ci gaba da ɗinki.
Allura ta wuni tsakanin haƙoran gabana
kamar a nan aka binne cibiyarta.

Daren jajiberi ba a barci a shagonmu.
Gidado ya ruga ya sayo lemon kwalba mai raɓa,
wa ke neman mabuɗi ga fiƙata?
Yara na tafi, ni ina hura hanci.
Tsakanin kwalba da kwalba ga tsamiya a leda,
ina tsotso har kiran assalatu.
Gari ya waye in daka gawayi da gishiri,
in dirje su kamar mai wankin gindin tukunya,
wai fari nake nema.

Sai wata Laraba, bazara ta tsaya a tsakar ka,
na kai kunun aya mai ƙanƙara bakina.
Wani abu ya tsarga daga haƙori har ƙeya,
kamar na dafa wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu.
Na dire gora. Na riƙe haɓa.
Gidado ya ce, Maigida, kunama ce?

Likita Rifkatu, 'yar Billiri, ba ta yi faɗa ba.
Ta haska fitila, ta zaga da ɗan madubi,
ta ce, Baba, ga inda zare ya yi wa kansa turba.
Kowane haƙori da sulkensa,
ya fi ƙashi tauri, sai dai ba kauri.
Tsami ya lashe shi ya yi laushi,
gawayi ya biyo baya ya kankare.
Farce kan tofo, gashi kan tofo,
fata ma in ta yage takan haɗe.
Wannan, in ya tafi, ya tafi ke nan.

Tana magana, ni kuwa ina Kumo,
ina ɗan shekara bakwai a ɗakin Goggo Dudu.
Tana da wata langa fara fat
mai jan fure uku a murfi.
Ba a kai mata yashi, ba a kai mata toka,
sai tsumma mai laushi da ruwan ɗumi.
Ran nan ta suɓuce mini a bakin rijiya,
gindinta ya ɓantare, ɗan wuri kamar ƙwayar dawa.
Na tsaya jiran bulala.
Goggo ta shafa wurin da babban yatsa, ta ce,
To, tsatsa ta sami ƙofa.
Damina biyu, muna hango rana ta gindin langa.
A ƙarshe tsakin kaji ake zubawa ciki.

Ashe langa talatin da biyu aka jera mini a baki,
ban sayi ko ɗaya ba,
shi ya sa ban san kuɗinsu ba.

Yanzu almakashi ya sauko daga ƙusa,
na ɗaura masa igiya yana lilo a wuyana.
In na sha zoɓo sai in kurkure da ruwa,
in bar bakin ya huce kafin buroshi ya shiga,
shi ma mai laushi, irin tsumman Goggo,
da safe, da kuma in za a kwanta.
Gawayi ya koma cikin dutsen guga, inda ya fi amfani.

Ba zan ɓoye ba, hannu bai manta ba.
Wani sa'in sai zare ya iso leɓe
kafin hankali ya cim masa.

Jiya na ɗaga kai,
Gidado ya kai kwalba ga matauni, yana kanne ido.
Ban ce masa komai ba.
Na wurga masa mabuɗi ya faɗa cinyarsa,
na ɗebi ruwan randa,
na sha a hankali, ta gefen da bai ɓantare ba.